Nazarin lamari: direban da ya yi ta ƙara haske, hanya na ƙara ɓace masa cikin hazo

## Direban, motarsa da hanyarsa

Mutumin da wannan bayani ya shafa direba ne mai ƙaramar motar kaya, irin mai rufaffen baya. Aikinsa kai kaya ne daga ɗakin ajiya zuwa wurin masu karɓa, kuma sharaɗin aikin shi ne kaya su isa kafin rana ta fito. Don haka yakan tayar da mota da misalin ƙarfe huɗu da rabi na asuba. Tafiyar kilomita 70 ce. Yawancinta a kan tudu take, babu abin damuwa, amma akwai kimanin kilomita 12 da titin ke gangarawa cikin kwari, ya bi gefen kogi, ya ƙetare gadoji biyu. Titi ɗaya ne da masu zuwa da masu komowa ke rabawa. Babu fitilun kan hanya, sai farin layi a gefe da 'yan sanduna masu ƙyalli da aka kakkafa.

Motar ta haura shekara goma, wutarta kuma bolt 12 ce. Ƙwayayen fitilun gabanta na halojin ne, samfurin H4, masu wat 60 a haske mai nisa, wanda direbobi ke kira ful, da wat 55 a dim. Kamfanin da ya ƙera ta bai sa mata fitilar hazo ba, amma ya bar gurbinta: ramuka biyu a ƙasan bamba, an toshe su da baƙar roba. Murafan fitilun gaba na roba ne, rana ta ci su har sun yi rawaya-rawaya.

Hazon da ke sauka a irin wannan kwari mai laima ne, ba na ƙura ba. A daren da sama ta washe babu gajimare kuma iska ta kwanta, ƙasa kan saki zafin da ta tara da rana, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi, tururin ruwan da ke cikinta ya koma ƙananan ɗigo masu yawo. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangara ta taru a kwari, kogi kuma ya ƙara mata laima. Lokacin da ya fi kauri shi ne gab da fitowar rana, daidai lokacin da wannan direba ke ratsawa. Masana yanayi sukan kira shi hazo da zarar gani ya gaza mita 1,000. Abin da ke hana direba sakat ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

## Makon farko na Nuwamba: farkon matsala

A wata asuba ya gangaro kwarin da gudun kilomita 70 a awa, ya shiga hazo ba shiri. Ya yi abin da hannu ya saba yi idan ido ya kasa gani, wato ya ɗaga fitila zuwa ful. Nan take gabansa ya koma fari fat, farin layin gefe ya ɓace. Kafin ya dawo da ita dim, tayar gaba ta riga ta sauka daga kwalta. Motar ba ta kife ba, babu wanda ya ji rauni, sai dai rim ɗaya ya lanƙwashe.

Da ya fito duba tayar ya auna ganin da ƙafarsa: bayan taku kamar hamsin, wato wajen mita 40, fitilun motarsa sun zama wani dishi-dishin haske kawai.

Abin da ya same shi yana da bayani mai sauƙi. Kowane ɗigon ruwa da haske ya faɗa wa yakan warwatsa shi, wani kaso kuma ya juyo baya ta inda ya fito. Haske mai nisa an ƙera shi ne ya tafi miƙe, har da sama kaɗan, saboda haka yana haska hazon da ke daidai saitin idon direba. Hazon da aka haska sai ya zama labule tsakanin ido da titi. Titin ma yana samun haske, amma abin da ke dawowa daga gare shi ya ratsa hazo sau biyu, zuwa da komowa, ya raunana, ba ya iya gogayya da farin da ke kusa da gilashi.

Direban bai fassara abin haka ba. A wurinsa, fitilun sun tsufa, ba su da ƙarfi.

## Tsakiyar Nuwamba: ƙwayayen LED cikin tsofaffin fitilu

Ya sayi ƙwayayen LED guda biyu masu gindin H4, waɗanda kwalinsu ya ce haskensu kelbin 6,500 ne a ma'aunin launin haske, wato fari mai ratsin shuɗi. Halojin kan tsaya wajen kelbin 3,200. Ya cire tsofaffin ya zura sababbin da kansa, aikin minti goma. A daren farko, a fili babu hazo, ya ga allunan hanya suna walƙiya tun daga nesa, ya yi murna.

Abu biyu suka biyo baya. Masu zuwa daga gaba suka riƙa ƙyafta masa ful ko da yana kan dim. A cikin kwarin kuma farin labulen nan, wanda a da sai ya ɗaga ful yake ganinsa, yanzu a dim ma yana nan.

Dalilin yana cikin fitilar. Madubin da ke bayan ƙwai an lissafa lanƙwasarsa ne bisa zaren halojin: siriri, mai tsawon 'yan milimita, yana zaune a wani takamaiman wuri, yana ba da haske ta kowace fuska. A H4 har wata 'yar garkuwar ƙarfe aka sa ƙarƙashin zaren dim, ita ce ke yanke hasken kada ya tashi sama. Ƙwan LED na sayen bayan fage guntayen fale-fale ne manne a gefe biyu na wani ƙarfe. Idan suka kauce daga gurbin zaren ko da milimita ɗaya ko biyu ne, madubin sai ya jefa haske inda ba a nufa ba. Da aka haska wannan motar a bango daga baya, layin da ya kamata ya raba haske da duhu ya narke, haske ya fantsama sama da shi. A ƙasashe da dama doka ba ta yarda da irin wannan sauyi a fitilar da aka ƙera don halojin ba.

## Farkon Disamba: sandar LED a rufin mota

Ganin abin bai yi ba, sai ya ƙara. Wani mai sayar da kayan ƙawata mota ya tallata masa doguwar sandar LED mai rubutun wat 120, ya ce babu hazon da zai tsaya mata. Yaron shagon ya ɗaura ta a rufi, saman gilashin gaba. Da ya zo neman wuta, ya feɗe wayar fitilun fakin, ya murɗa wayar sandar a kai, ya naɗe da baƙin tef. Babu rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya ɗauki nauyin babbar wuta, babu fis na daban.

Asubar farko da ya kunna ta cikin hazo, daƙiƙa kaɗan ya iya jurewa ya kashe. Sandar ba ta da layin yanka, wato layin da ke raba haske da duhu, ko kaɗan, sama da ƙasa duk ɗaya take zubawa. Tana zaune ƙasa da rabin mita sama da idonsa, saboda haka hasken da ɗigon ruwa ke mayarwa baya kusan kai tsaye yake faɗawa idonsa. Ta kuma haska bonet da raɓar da ke kan gilashi. Irin wannan fitila ta daji ce, ta inda babu mai zuwa kuma iska a washe take.

Duk da haka ya ci gaba da kunna ta a kan tudu, inda babu hazo. A nan ne matsalar wayarin ta fito. Wat 120 a kan bolt 12 amfiya 10 ke nan a ma'aunin yawan wutar da ke bin waya, an ɗora su kan layin da aka tanada don 'yan ƙwayaye masu wat biyar-biyar, mai siririyar waya da fis na amfiya 10. Fis ya ƙone. Ya sa wani, ya sake ƙonewa. Sai aka ba shi shawarar ya sa na amfiya 25.

Fis ba ya kare fitila, waya yake karewa. An yi shi ne ya mutu kafin wayar ta yi zafin narkar da rigarta. Da aka girmama fis ɗin, wayar ce ta zama mai rauni a layin. A mako na uku na Disamba, yana cikin tafiya, ya ji warin ƙonanniyar roba daga ƙarƙashin sitiyari, fitilun dasbod suka mutu. Bai san fitilun baya ma sun mutu tare da su ba, domin layinsu ɗaya, sai da wata babbar mota ta taho ta bayansa cikin hazo ta kauce masa da ƙyar tana zabga hon. Garin neman gira saura ƙiris a rasa ido.

## Ƙarshen Disamba: rawayar leda

An ɗaɗɗaure wayar da ta ƙone, an cire sandar daga layin. Kafin a kai ga babban gyara ya gwada abu na uku, mai arha: ya manna rawayar leda a kan murafan fitilun gaba, saboda ya sha jin cewa rawayan haske yana huda hazo.

Ya ce idonsa ya ɗan huta, amma nisan ganinsa bai ƙaru ba, a kan tudu ma raguwa ya yi.

Maganar hudawa ta samo asali ne daga wani abu na gaskiya da aka ɗauka aka kai inda ba ya aiki. Ƙwayoyin iska, waɗanda suka fi igiyar haske ƙanƙanta ƙwarai, sun fi warwatsa shuɗi a kan ja da rawaya, shi ya sa sama take shuɗiya. Ɗigon hazo ba haka yake ba. Kaurinsa kan kai maikuron goma ko kusa da haka (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali tsawon igiyar hasken da ido ke gani tsakanin maikuron 0.4 ne da 0.7. Ɗigo mai wannan girma kusan daidai yake warwatsa kowane launi, abin da ya sa hazo yake fari ke nan. Amfanin rawaya a wurin ido yake: idan aka tace shuɗi daga haske, ƙyallin da ke dawowa ba ya damun ido sosai. Faransa ta wajabta rawayan fitilun gaba da dokar da ta kafa a 1936, ba ta janye ba sai a 1993, kuma har yau ƙa'idojin fitilar hazo sun amince da fari da rawaya duka. Ita leda ba ta sauya siffar haske. Tace wani kaso take yi ta bar sauran yana tafiya inda yake tafiya tun farko.

## Makon farko na Janairu: komawa tushe

Sai a wannan lokaci ya kai motar wurin ƙwararren mai wayarin, dattijo da ya daɗe a aikin wutar mota. Direban ya ce fitilar hazo mafi ƙarfi yake so a sa masa. Dattijon ya ce, “Malam, bari mu fara ganin abin da waɗanda kake da su suke yi tukuna.”

Ya ɓare ledar, ya sauke sandar daga rufi, ya cire ƙwayayen LED ya mayar da sababbin H4 na halojin. Ya sake wayar fitilun fakin daga inda ta ƙone, ya mayar da fis na amfiya 10. Sannan ya ɗauko mitar awon wuta. Inji na aiki, batir ya nuna bolt 14.1, amma a gindin ƙwan fitila bolt 12.0 kawai ke isowa. Bolt biyu sun salwanta a hanya, yawanci a wurin da aka ɗaure baƙar waya da jikin mota, inda tsatsa ta ci, da kuma soket ɗin da zafi ya gasa. Ƙwan halojin an auna haskensa ne a kan bolt 13.2, kuma yana da saurin jin ragi: wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske ya ragu da kusan kashi 30. Bayan kankare tsatsa da sauya soket, mita ta nuna 13.5.

Aka goge murafan da takardar yashi mai laushi, aka shafa musu maganin kariya daga rana. Wannan ba kwalliya ba ce. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada fitilun da murafansu suka dushe a 2018, ta samu suna ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sababbi. Daga nan aka saita dim a bango. Fitilar hagu ta yi sama da yawa, mai yiwuwa tun ranar da tayar ta faɗa gefen titi.

Wato direban yana da gaskiya tun farko da ya ce fitilunsa ba su da ƙarfi. Laifin dai ba na ƙwayayen ba ne.

## Mako na biyu na Janairu: zaɓen fitila

A kasuwa kusan duk wata 'yar zagayayyar fitila da za a iya ɗaura wa bamba sunanta fitilar hazo. Dattijon ya bi matakai biyu wajen tantancewa.

Na farko rubutun da ke jikin gilashi. Fitilar da ta cika ƙa'ida ta 19 ta hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara ƙa'idojin motoci tana ɗauke da harafin E da lamba cikin da'ira, lambar tana nuna ƙasar da ta ba da izini, kamar E1 na Jamus ko E2 na Faransa. Kusa da shi akwai B, ko F3 a sababbin samfura. Waɗannan ne ke cewa fitilar hazo ce. Idan R ko HR aka gani, fitilar nisa ce, ba ta da amfani a nan. Ta tsarin Amurka kuma ana rubuta mata SAE da harafin F, bisa ƙa'idar J583.

Tambari ana iya ƙirƙirarsa na bogi, shi ya sa mataki na biyu ya fi muhimmanci. Ya jona kowace fitila da batir ya haska bango. Ta gaskiya tana zana shimfiɗaɗɗen haske mai faɗi sosai hagu da dama, gajere daga sama zuwa ƙasa, samansa a yanke tsaf, abin da ke bisa layin duhu ne. Biyu daga cikin ukun da aka kawo zagayen haske suka zana irin na tocila, duk da rawayan gilashinsu da manyan lambobin yawan haske da ke kan kwalinsu. Aka mayar da su.

Wadda aka ɗauka mai ƙwan halojin H11 ce, wat 55, gilashinta na ƙarau, girmanta daidai da ramin bamba. Akwai fitilun hazo na LED masu kyau ƙwarai, waɗanda aka ƙera madubinsu da ƙwayayensu tare tun daga masana'anta, ba sa cin wuta kuma suna daɗewa. Da an samu mai tambarin F3 da ta shiga ramin, babu abin da zai hana a ɗauke ta. An tsaya kan halojin ne don ita ta zauna a gurbin ba tare da an yanka bamba ba, kuma idan ƙwai ya mutu ana sauya shi shi kaɗai. Direban ya zaɓi rawayan ƙwai don jin daɗin idonsa, dattijon bai yi masa musu ba.

## Ɗaurawa da wayarin

Ƙa'ida ta 48 ta waccan hukuma ta faɗi inda fitilar hazo ke zama a ƙananan motoci: kada ta yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, kada ta wuce 80, kada ta ɗara fitilar dim tsawo, kuma kada ta shige ciki fiye da santimita 40 daga gefen mota. Ramukan bamban sun sa tsakiyar fitilun a santimita 42. Idon direba a wannan mota ya haura mita ɗaya da rabi, saboda haka tazarar da ke tsakanin ido da fitila ta fi mita guda. Wannan tazarar ita ce rabin aikin. Hasken yana bi ta ƙasa-ƙasa, direba yana kallon titi ta samansa, ta cikin hazon da ba a haska ba.

Aka cire kan batir na baƙar waya kafin a taɓa komai. Ƙwayaye biyu masu wat 55 wat 110 ke nan, amfiya tara da ɗoriya. Aka ja sabuwar waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 daga batir, aka sa fis na amfiya 15 kusa da batir ɗin, tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba, domin duk guntun wayar da ke kafin fis ba shi da kariya. Daga fis waya ta shiga ƙafar rile mai lamba 30, ta fita ta 87 zuwa fitilun. Ƙafa ta 85 aka ɗaure ta da jikin mota a ƙarfen da aka kankare fentinsa. Ƙafa ta 86 ta tafi makunnin da aka sa a dasbod.

Makunnin daga wayar fitilun fakin yake shan wuta, wannan layin da ya ƙone a Disamba. Bambancin shi ne yanzu abin da yake ɗauka naɗin cikin rile ne kawai, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na amfiya, nauyin kuma yana kan sabuwar wayar. Jonin yana da wani amfani: fitilar hazo ba za ta kama ba sai fitilun fakin da na baya suna kunne, kuma idan aka kashe fitilun mota ita ma ta mutu, ba a manta ta ta shanye batir. Makunnin yana da ɗan koren haske mai nuna tana kunne.

Sauran aikin na haƙuri ne. Inda waya ta ratsa ƙarfe aka sa zoben roba. Mahaɗai aka matse su da fulaya ta musamman aka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Aka nisanta wayoyi daga salansa da fanka. Ba a taɓa gilashin ƙwai da yatsa ba, don maiƙon hannu yana sa halojin saurin mutuwa.

A ranar aka ƙara fitilar hazo ta baya, ja, mai ƙwan wat 21, a ɓangaren da ke kusa da tsakiyar titi, nesa da fitilar birki da fiye da santimita 10 don kada a rikita su. Tana da makunninta daban mai hasken ruwan ɗorawa. Direban bai nemi wannan ba, labarin babbar motar da ya bayar ne ya sa aka sa masa.

## Saiti a bango

Aka jira duhu. Aka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, iskar tayoyi daidai, direba a kujerarsa, da kaya gwargwadon abin da ya saba ɗauka, domin nauyi a baya yana ɗaga hancin mota. Aka manna tef a bango a tsawon santimita 42, wani kuma a 27. Aka rufe fitila ɗaya da tsumma, aka juya notin saitin ɗayar har layin yankanta ya sauka kan tef na ƙasa, sannan aka yi wa ɗayar haka. Saukar santimita 15 a mita 10 kashi ɗaya da rabi cikin 100 ne. Tsarin Amurka kusan haka yake: santimita 10 a mita 7.6.

Lissafi ɗaya ya fito daga wannan saiti wanda direban bai so ji ba. Hasken da ya tashi daga santimita 42, yana sauka santimita ɗaya da rabi a kowace mita, samansa zai taɓa ƙasa a mita 28. Bayan nan fitilar hazo ba ta da abin nunawa. Ya tambaya ko za a ɗan ɗaga ta. Dattijon ya ce za a iya, amma daga nan ta daina zama fitilar hazo.

Sai ya zana masa wani lissafin a takarda. Direban da ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya taka birki, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, yana buƙatar kimanin mita 20 ya tsaya daga gudun kilomita 30 a awa, mita 29 daga 40, mita 41 daga 50, fiye da mita 80 daga 80.

## Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu: abin da aka gani

A asubar farko mai hazo, da dim da fitilun hazo tare, farin layin gefe ya fito sarai, haka sandunan masu ƙyalli da bakin gada. Faɗin hasken ya nuna masa lanƙwasar titi kafin ya shige ta. Labulen nan bai ɓace gaba ɗaya ba, amma ya yi sauƙin da ake iya gani ta cikinsa. Nisan gani kuwa bai sauya ba: inda hazo ya bar mita 40, mita 40 ɗin ce.

Ya riƙa ratsa kwarin da gudun 35 zuwa 40. Kilomita 12 da a da ke cin masa minti goma suka koma cin kusan ashirin, sai ya matso da lokacin tashinsa da kwata guda.

Bayan mako biyu masu zuwa suka sake ƙyafta masa fitila. A bango aka ga fitilar dama ta tashi. Kunnen robar da ke riƙe da ita a bamba ya sassauta saboda girgiza. Aka ƙara mata ɗan ƙarfen riƙo da noti mai kulle kansa, aka sake saiti. Wata rana kuma ya ga gumi a cikin gilashin ta hagu, aka tarar laka ta toshe 'yar kafar numfashinta, aka buɗe ta, gumin ya bushe da kansa.

An kuma gyara masa wasu halaye. Ya daina tafiya da fitilun gaggawa masu ƙyaftawa, waɗanda ke hana na baya sanin ko tsaye yake ko kwana zai sha. Ya sauya robar waifa, ya koyi kunna na'urar sanyaya iska yana hura gilashi don ta busar da gumin ciki. Fitilar baya kuma sai gani ya yi ƙaranci sosai yake kunna ta, ya kashe da zarar ya hau tudu ko wata mota ta manne masa a baya. Dokar hanya ta Birtaniya ta ɗora iyakar a kan gani ƙasa da mita 100. Jamus ta fi tsauri a fitilar baya: sai gani ya gaza mita 50, kuma a wannan hali ba a wuce gudun kilomita 50 a awa. Har lokacin hazo ya wuce bai sake sauka daga kwalta ba.

## Hukunci

Gwaji ukun farko tushensu ɗaya: zaton cewa hazo duhu ne, maganinsa ƙarin haske. Ƙwayayen LED sun ɓata layin yanka, sandar rufi ta kawo haske kusa da ido, ledar ta sauya launi ta bar siffa. A cikinsu sandar ce ta fi muni, kuma ba don haskenta ba. Wayarin ɗin da aka yi mata, da fis ɗin amfiya 25, su ne suka kusa jawo gobara da karo daga baya, abin da ya fi lanƙwasasshen rim hatsari.

A ganina, idan aka raba nasarar kashi-kashi, fitilun hazo na gaba ba su ne kan gaba ba. Rage gudu ne na farko, domin shi kaɗai ya daidaita nisan tsayawa da nisan gani. Na biyu gyaran fitilun asali, wanda bai buƙaci sabuwar fitila ko ɗaya ba. Fitilar baya tana gaba da na gaba wajen kare rai a irin wannan titi. Su na gaba aikinsu ƙarami ne amma tabbatacce: sun nuna masa gefen kwalta a mita ashirin da wani abu na farko, kuma gefen kwalta ne ya ɓace masa a Nuwamba. Launin ƙwai shi ne mafi ƙarancin tasiri cikin duk abin da aka yanke shawara a kai.

Akwai haɗari guda da gyaran ya zo da shi. Gaban mota idan ya yi haske tas, direba kan ji kamar yana gani sosai, ƙafa ta ƙara nauyi a kan totur, alhali hasken kusa yana tsuke ƙwayar ido ya rage ganin nesa. Shi ya sa barin fitilun hazo a kunne a daren da iska ta washe ba shi da amfani, a jiƙaƙƙen titi ma ƙyallinsu yana damun masu zuwa. An gaya wa direban ya mayar da motar bango kafin lokacin hazo na gaba, da kuma duk ranar da bamba ya bugi wani abu.